Yadda Ake Haɗa Manhajar Bibiyar Buri a Waya



A zangon farko na bana maki 38 na ci a lissafi. Da na kai wa Baba takardar sakamako bai yi mini faɗa ba. Ya duba, ya ninke ta, ya ce, "To, yanzu me za ki yi?" Na ce zan ƙara ƙoƙari. Ya ce, "Ai haka kika ce bara." Maganar ta yi mini zafi saboda gaskiya ce, ga shi kuma baɗi za mu rubuta jarrabawar BECE ta gama ƙaramar sakandare.

Da aka yi hutu, yayana da ke karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ya dawo gida da kwamfutarsa. Shi ya koya mini yadda ake haɗa 'yar ƙaramar manhaja wadda mutum zai rubuta burinsa a ciki, ita kuma ta riƙa nuna masa inda ya kai. Ga yadda abin yake, ko wani zai so ya gwada.

Mece ce wannan manhaja?

Manhaja ita ce irin abin da muke taɓawa a fuskar waya ya buɗe, kamar WhatsApp ko kalkuleta. Ta bibiyar buri aiki uku kawai take yi. Tana riƙe abin da ka ce za ka yi. Tana rubuta abin da ka yi kowace rana. Sai ta kwatanta biyun ta faɗa maka ko kana gaba ko kana baya. Launi da hotuna da sauti duk ado ne a kan waɗannan ukun.

Mataki na ɗaya: mayar da buri lamba

Ranar farko Yaya bai bar ni na taɓa kwamfuta ba. Ya ce in rubuta burina a takarda. Na rubuta, "Ina so in iya lissafi." Ya yi dariya ya ce, "Ƙanwata, waya ba ta san iyawa ba, lamba ta sani."

Ashe masana sun daɗe da faɗin haka. A shekarar 1981 wani Ba'amurke mai suna George Doran ya rubuta maƙala a kan yadda ake tsara buri a wurin aiki. Daga cikin sharuɗɗan da ya kawo akwai cewa buri ya zama takamaimai, a iya auna shi, ya zama mai yiwuwa, kuma a sa masa lokacin gamawa.

Sai na sake rubutawa: "Zan warware tambayoyin lissafi 120 na jarrabawar baya cikin mako 6." In ka raba 120 gida 6 za ka samu 20 a mako. Na cire Asabar da Lahadi saboda Islamiyya da wanki, saura kwana 5, wato tambaya 4 a rana. Da na ga 120 gabana ya faɗi, amma 4 ba ta tsoratar da kowa.

Mataki na biyu: zana fuskar manhajar

Na zana siffar waya a littafina, na sa abin da nake so in gani a ciki:
1. Akwatin rubuta jimlar buri, wato 120.
2. Akwatin rubuta abin da na yi yau.
3. Maɓalli mai suna "Ƙara".
4. Layin da zai nuna jimlar da na kai da kashi nawa ne cikin ɗari.
5. Koren layi mai ƙara tsawo yayin da aiki ke tafiya.

Na so in ƙara agogo da waƙa da hoton kofi. Yaya ya ce duk mu bar su sai waɗannan biyar sun yi aiki tukuna.

Mataki na uku: harhaɗawa a kwamfuta

Mun yi amfani da MIT App Inventor. Kamfanin Google ne ya fara fitar da shi a 2010, daga baya jami'ar MIT da ke Amurka ta karɓe shi, ta sake buɗe shi a 2012. Kyauta ne. Abin da ake buƙata shi ne kwamfuta mai intanet, da asusun Google, da wayar Android ta gwaji.

Yana da ɓangare biyu. A na farko ake jawo akwati da maɓalli a ajiye su a kan hoton waya, kamar mai jera kaya a faranti. A na biyu ake ba su umarni. Ba a rubuta dogon turanci, wasu tubala ne masu launi ake haɗawa, kuma tubalin da bai dace da wuri ba ba ya shiga. Umarnin maɓallina da Hausa shi ne: idan an danna "Ƙara", ɗauki lambar yau, haɗa ta da tsohuwar jimla, nuna sabuwar jimla.

Domin gwaji akwai wata manhaja mai suna MIT AI2 Companion da ake saukewa a waya. Da ita duk abin da ka canza a kwamfuta za ka gan shi nan take a wayar. Mu wayar Umma muka ara. In an gama sai a fitar da manhajar a girka ta a waya, ta yi aiki ko babu data.

Kada wani ya ce wannan wasan yara ne. A 2018 wasu ɗalibai mata biyar na wata sakandare a Onitsha, jihar Anambra, sun ci lambar zinare ta rukunin ƙanana a gasar Technovation a Amurka, da manhajar da suka haɗa mai suna FD-Detector ta gano jabun magani.

Mataki na huɗu: lissafin da ke ciki

Abin dariya, manhajar da na haɗa saboda tsoron lissafi ita ma lissafi ce. Ana raba abin da aka yi da jimlar buri, a ninka sau 100. Da na kai tambaya 45, sai 45 ÷ 120 × 100 ya ba ni 37.5, wato kashi 37.5 cikin ɗari. Wannan lambar ce kuma ke ƙayyade tsawon koren layin.

Amma wannan kaɗai bai isa ba. Kashi 37.5 abin farin ciki ne a mako na biyu, abin damuwa ne a mako na biyar. Don haka muka ƙara lissafi na biyu: inda ya kamata a ce na kai. A ƙarshen mako na 3 ya kamata in kai 3 × 20, wato 60. Ni kuwa 45 nake da su. Manhajar ta rubuta da jan launi, "Ana bin ki bashin 15." Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Amfanin manhajar ke nan, ta nuna maka matsala tun da sauran lokacin gyara.

Kurakurai uku da na yi

Na farko, mantuwa. Na yi kwana biyu ina ƙara lamba, da na rufe manhajar na sake buɗewa sai na ga ta koma sifili. Har ƙwalla na yi. Dalili shi ne lambar tana zaune ne a wurin ajiya na wucin gadi, mai gogewa da zarar an rufe. Maganinsa wani ɓangare ne mai suna TinyDB, wanda ke ajiye bayani a cikin wayar. Ana ba kowane bayani suna, kamar yadda Umma ke rubuta suna a jikin robar yaji. Sai a ba da umarni biyu: duk lokacin da aka danna "Ƙara" a ajiye jimla, duk lokacin da aka buɗe manhaja a ɗauko ta.

Na biyu, ƙanena ya sa sifili a akwatin buri ya danna maɓalli, sai saƙon kuskure ya fito. Malamin lissafi ya sha gaya mana ba a raba lamba da sifili, a ranar na yarda. Muka sa tubalin sharaɗi: idan akwatin ba komai ko sifili ne, a ce wa mutum ya rubuta burinsa tukuna.

Na uku ya fi ba ni kunya. Wata Laraba na gaji, ban yi ko tambaya ɗaya ba, amma na rubuta 4 don kada jan rubutun ya ƙaru. Na sake yi ranar Alhamis. Manhajar ta karɓa ba musu, koren layi ya ƙara tsawo. Ranar Litinin Malam ya yi mana gwaji a kan darasin da na tsallake, na ci 3 cikin 10. Babu tubalin da ke gane ƙarya. Na cire 8 ɗin, kuma yanzu ba na ƙirga tambaya sai ƙawata ta duba aikina a littafi, ni ma na duba nata.

Wanda ba shi da waya fa?

Yawancinmu ba mu da waya, kuma an hana zuwa da ita makaranta. Ba komai. Ka samu shafin ƙarshe na littafinka, ka ja layi gida huɗu: kwanan wata, abin da na yi yau, jimla, inda ya kamata in kai. Aikin da manhajar ke yi ke nan, sai dai kai za ka yi lissafin da hannunka, wanda ma ƙarin atisaye ne. Za a iya yin haka da haddar Alƙur'ani, ko shafukan littafin karatu, ko tara kuɗin littafi a asusu.

Muna roƙon malaman kwamfuta, in da hali, su ware mana ko awa ɗaya a mako mu gwada App Inventor a rukuni-rukuni. Ni dai zuwa ranar da na miƙa wannan rubutu ina kan tambaya 92 cikin 120, ya kamata a ce 100 nake, saura mako ɗaya. Wanda ke son ganin zanen da na yi a takarda ya same ni a taron ƙungiya ranar Laraba bayan an tashi.

Daga wata ɗaliba 'yar aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida.