Gargaɗi Ga Masu Gyaran Gida Game Da Ido

Ga shi bazara ta kawo kai, ko wane maigida ya ɗaga kai yana duban soronsa, yana neman a yi yaɓe a gyara indararo kafin ruwa ya sauka. To, ina da magana a kan ido.

Iyayenmu da ƙasa da makuba suka yi gini. Kadan ƙasa ta faɗa wa mutum a ido sai ya yi hawaye ta fita. Amma tun da siminti ya yawaita a ƙasar nan, har aka fara yin sa a Kalambaina ta Sakkwato a 1967, al'amari ya sāke, mu kuwa ba mu sāke hali ba. Siminti ba ƙasa ba ne. Shi da farar ƙasar nan ta buhu, wadda ke ɗaukar zafi in an jiƙa ta, danginsu ɗaya da kanwa da toka, sai dai sun fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. In suka haɗu da hawaye sai su shiga cin baƙin ido, suna nutsawa ciki, ba su dainawa sai an wanke su.

Na ga wannan a zaurena. Wani almajirina yana miƙa wa birkila kwaɓi, guntu ya faɗo masa a idon dama. Ya murza, muka hura masa, wata tsohuwa ta kawo kwalli, muka ce ya kwanta zuwa safe. Da gari ya waye aka kai shi asibiti, likita ya tambaye mu abu guda: kun wanke? Muka yi shiru, alhali ga butoci cike a gindin bango. Yau hakiya ce a idon nan, da ɗaya yake duban allo. Ban daina ganin laifina ba.

Abin da ya kamata mu yi shi ne wannan. A kwantar da mutum nan take, a buɗe fatar idon da yatsu ko da yana ƙi, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta daga gefen hanci zuwa waje, don kada ya gangara cikin ɗaya idon. Ba buta guda ba. A yi ta zubawa minti 20 zuwa 30, yana juya ƙwayar idon sama da ƙasa, zama burbushi yakan maƙale ƙarƙashin fata. Sa'an nan a tafi asibiti a ranar. Kada a sa kwalli, ko nono, ko ruwan ganye. Na san waɗansu 'yan'uwana za su ce a ɗiga rubutu. Addu'a a yi ta, amma tawada kada ta shiga idon da ya ƙone.

Hukuncin ƙarfe dabam ne. Kadan ana dukan ƙusa ko tsaga dutse, ɓarɓashi ya tashi ya soki ido, kada a wanke, kada a taɓa, kada a ciro. A kife ɗan kofi bisa idon yadda ba zai danne shi ba, a nufi likitan ido, ko da zafin kaɗan ne. Akwai asibitin ido na ECWA a Kano, wanda ke aiki tun 1943, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Wutar walda kuwa ba ta nuna kanta sai bayan sa'o'i, cikin dare mutum ya ji kamar an zuba masa rairayi. A kori yara daga kallonta.

Malamai sun sani, a cikin Risala diyyar idanu biyu daidai take da ta rai, kuma a mazhabar Imamu Malik mai ido ɗaya in aka ɓata masa shi, cikakkiyar diyya ce. Abin da shari'a ta kimanta haka, tabarau na aiki ke tsare shi, kuɗinsa kuwa bai kai na buhun siminti guda ba. Ina nufin na roba mai tauri wanda ya rufe har gefe. Tabarau na karatu ba ya isa, gilashinsa ma yana iya fashewa ya ƙara ɓarna.

Ku fatake masu sayar da siminti da ƙusa, ku rataye shi a bakin kanti inda mai saye zai gani. Kai kuma malam, in za ka tura almajiri aikin gini, saya masa kafin ya ɗauki kwano.