KUƊIN KULOB DA AMANAR MASALLACI: ABIN DA HOTORO TA KOYA WA KANO

Duk wanda ya bi hanyar Maiduguri da sassafe ya ratsa Hotoro zai ga ma'aikata suna tururuwa, waɗansu za su Bompai da ke kusa, waɗansu kuwa sai sun keta gari kafin su kai Sharaɗa ko Challawa. Waɗannan unguwannin masana'antu uku su suka ɗaukaka sunan Kano a fagen ciniki bayan zamanin dalar gyaɗa, da masaƙu da majemu da kamfanonin robobi da na alewa. Manajoji da lauyoyi da likitocin da ke hulɗa da irin waɗannan wurare kuwa, daga cikinsu ne ƙungiyoyin taimakon jama'a irin su Rotary kan sami mambobi.

Ita dai Rotary wani lauya ne mai suna Paul Harris ya kafa ta a birnin Chicago na Amurka a 1905. Sunan ya samo asali ne daga yadda mambobin farko suke zagayawa, yau a taru a ofishin wannan, wani mako a ofishin wancan. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, reshenta na farko a Nijeriya a Kano aka buɗe shi a 1961, kafin na Legas da na Ibadan.

Taron mako-mako shi ne gishirin ƙungiyar. Shugaba kan buga ƙararrawa a buɗe taro, a ci abinci tare, a gabatar da baƙi, sa'an nan a saurari wanda aka gayyato ya yi jawabi a kan sana'arsa ko wata matsalar gari. Akwai kuma jami'in da ke cin tarar wanda ya makara, cikin raha, kuɗin su shiga asusun taimako. Shekara guda shugaba ke yi, daga ran 1 ga watan Yuli, ya sauka wani ya hau. A da, mai yawan fashin taro kan rasa kujerarsa, amma tun 2016 an sassauta dokar, aka yarje wa rassa su taru sau biyu a wata in sun ga dama. Mata kuwa sai a 1989 aka buɗe musu ƙofa a duniya baki ɗaya.

A wancan ɓangaren gari, a Jami'ar Bayero, akwai wani taron na daban wanda ba a cin tara a cikinsa. Jami'ar ta faro ne a 1960 da sunan Kwalejin Ahmadu Bello, ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero a 1962, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. A harabarta, limamai da malaman coci da ƙungiyoyin addini na ɗalibai su ke riƙe da aikin da ba ya cikin manhaja. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, wato MSS, an kafa ta a Legas a 1954, Abdullateef Adegbite ne shugabanta na farko. Takwararta ta ɗalibai Kirista a Arewa, FCS, a Gindiri aka kafa ta a 1957. Irin waɗannan ƙungiyoyi su kan tarbi sabon ɗalibi da ya zo daga ƙauye bai san kowa ba, su shirya darussan bita gab da jarrabawa, su duba marar lafiya a asibiti, su yi karo-karo domin wanda ya kasa biyan kuɗin rajista. In mutuwa ta auku, su ne kan raka gawa gida.

Ke nan ɓangare guda yana da kuɗi da sanin manya, ɗayan kuwa yana da kunnen jama'a. Shekaru da yawa kowa na harkarsa, har ma akwai malaman da ke kallon kulob ɗin da tuhuma, suna ganin baƙon abu ne na Turawa. Cutar shan inna ce ta nuna wa Kano tsadar wannan rata.

A 1985 Rotary ta ɗauki alkawarin yaƙar shan inna a duniya, a 1988 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka haɗa hannu da ita. A watan Yuli na 2003 wani lauyan Kano, Jonathan Majiyagbe, ya zama shugaban Rotary na duniya, mutum na farko daga Afirka da ya riƙe muƙamin. A cikin wannan shekara kuma gwamnatin Jihar Kano ta dakatar da riga-kafin, bayan jita-jita ta bazu cewa an saka wa maganin abin hana haihuwa. Wato mutumin da ke jagorancin yaƙin a duniya, a garinsa aka rufe ƙofa.

Tsoron jama'a yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, yara 11 daga cikin waɗanda ke cikin gwajin suka rasu, shari'ar kuwa ba ta ƙare ba sai a 2009 da aka sasanta da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai yaran da aka hana wa ɗigon su suka biya farashin, domin cutar ta sake yaɗuwa zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita.

Abin da ya buɗe ƙofar ba ƙarin kuɗi ba ne. A watan Yuli na 2004 aka koma riga-kafi bayan an samo magani daga Indonesiya, ƙasar Musulmi, Gwamna Ibrahim Shekarau kuma ya fito bainar jama'a ya ɗiga wa yara da hannunsa. A 2009 sarakunan Arewa, a ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, suka kafa kwamitinsu na kula da lafiya, aka sa hakimai da masu unguwanni da limamai a gaba. Maigidan da ya ƙi sauraren ma'aikacin gwamnati, in limaminsa ya yi magana bayan sallar Juma'a, sai ya sassauto.

Hotoro kuwa ta biya nata farashin da jini. Ran 8 ga watan Fabrairu na 2013 'yan bindiga suka kai hari a kan masu aikin riga-kafi a Hotoro da Unguwa Uku, suka kashe mutum 9, kusan dukkansu mata. Waɗannan mata ba su taɓa zama a teburin kulob ba. Su ne suke shiga gida-gida da akwatin ƙanƙara, domin su kaɗai ke iya wuce zaure su kai ga uwar yara. Aikin bai tsaya ba. A watan Yuli na 2014 aka ga yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Jihar Kano, a Sumaila, ran 25 ga watan Agusta na 2020 kuma aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ita.

Amma fa ba a gama ba. A 2023 mashaƙo ya ɓarke a Nijeriya, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, akasarinsu yaran da ba a yi musu cikakken riga-kafi ba. Ga kuma ruwan majemu na Challawa da Sharaɗa da ke gangarawa kogin Challawa, da na Bompai da ke bin rafin Getsi zuwa Jakara, inda manoman rani ke ban ruwan kayan miya da shi. Masana'antun su ma ba kamar da ba ne, da yawa sun rufe tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, saboda matsalar wutar lantarki da kayan waje masu araha. Aljihun da kulob ke dogaro da shi ya ragu, bukata kuwa ta ƙaru.

A nan ne ɗalibi yake da amfani. Mai karatun likita ko kimiyyar haɗa magunguna a Jami'ar Bayero, wanda ke tsayawa sahu ɗaya da maƙwabtansa a masallacin unguwa, yana jin harshen ɗakin gwaji, yana kuma jin na zaure. Ita Rotary tana da reshen matasa, Rotaract, tun 1968, amma ba dole sai ɗalibi ya shiga wata ƙungiya ba kafin a saurare shi. Ya isa kulob ya gayyaci limamin jami'a ko shugaban ɗalibai ya zama mai jawabin mako, su kuma ɗalibai su kai ziyararsu ta asibiti har cikin lungunan Hotoro. Ma'aikacin gwamnati da ke tsara shirin lafiya, kafin ya tambayi nawa za a kashe, ya fara tambayar wa mutanen unguwar za su buɗe wa ƙofa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.