Kaushin Da Ba Ya Jin Dutse

Uwargida, duba tafin ƙafarki. In kin ga fari-fari kamar an barbaɗa gari, fata tana saɓa daga diddige har gefen ƙafa, kin goge da dutse kin shafa man kaɗanya amma bayan kwana biyu ya dawo, to, ki yi shakka ko kaushi ne. Sau da yawa wannan cin ruwa ne ya sake kama.

Matan Tarai da Kibiya da Rano sun san cin ruwa sarai, musamman da damina, lokacin da ƙafa ke wuni cikin laima wajen wanki da wanke-wanke. Amma wanda suka sani shi ne na tsakanin yatsu, mai ƙaiƙayi da wari. Busasshen kuwa ba ya cika damun mutum, don haka sai a shekara da shi ana cewa hunturu ne. Ƙwayar da ke kawo su duka dangin funfuna ce, 'yar'uwar ta makero, tana cin mataccen saman fata. In an ƙyale ta sai ta shiga farce, ta kama hannu, ta bi tabarma da silifa zuwa ga yara.

Abin da ke hana magani ci shi ne kaurin fatar. Ki shafa mai kashe ƙwayar a kan ɓawo, ya tsaya a sama, ita kuwa tana ƙasa lafiya lau. Shi ya sa likitoci kan haɗa biyu: ɗaya ya tausasa ɓawon, ɗaya ya kashe ƙwayar. Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani likitan fata na Ingila, Arthur Whitfield, wanda ya rasu a 1947, ya haɗa man da ake kira da sunansa har yau: benzoic acid kashi 6 cikin 100, da salicylic acid kashi 3 mai ɓare ɓawo. Yanzu akwai waɗanda suka fi shi kashe ƙwayar, watau clotrimazole da terbinafine.

Ga yadda za ki yi. Wanke ƙafa, ki tsane ta sosai har tsakanin yatsu. Shafa clotrimazole safe da yamma, tafin duka da gefensa. Da za ki kwanta, sa man urea ko na Whitfield a wurin kaurin kaɗai, ban da tsakanin yatsu, ban da fason da ya buɗe, don yana da zafi. Kada ki cakuɗa su a gwangwani ɗaya. Ki jure mako 4 cur, ko da ƙafa ta yi sumul tun mako na biyu, don nan ne mata da yawa ke sakin jiki ciwo ya komo.

Haɗin da za ki guda shi ne man nan na kemis da ake ce wa mai maganin kome. Karanta jikinsa, ko ki ba 'yarki 'yar makaranta ta karanta miki. In akwai betamethasone ko clobetasol, ajiye. Yana kwantar da ƙaiƙayi nan da nan, amma yana raunana tsaron fata, ƙwayar ta daɗa yaɗuwa.

Ku 'yan makaranta, a sake safa kullum, a shanya takalmi a rana, kada a yi aronsa.

Mai ciwon sukari kada ta fara kome sai likita ya duba ƙafar. Haka wadda ta cika mako 4 ba sauƙi, ko farcenta ya yi kauri ya sake launi: ta tafi asibitin Rano, watakila sai an haɗa mata da na sha. In tana da ciki ko tana shayarwa, ta faɗa tun kafin a rubuta.