Idan Jijiyar Gwiwa Ta Tsinke, Daga Ina Ake Samo Madadinta?

Yau zancen gwiwa za mu yi.

A cikin gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna, su ke riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri. Ta gaban ita ta fi tsinkewa: yaro ya murɗe ƙafa a filin ƙwallo, maigida ya faɗo daga babur, ko ke kanki santsi ya kwashe ki a bakin rijiya. Sai a ji ƙas, gwiwa ta kumbura. Kumburi ya saɓe, amma ta riƙa gocewa in an taka. Wannan fa ba karaya ba ce, ɗori ba ya kama ta. Hoton ƙashi ma ba ya nuna ta, sai na MRI.

Wasu gashi da motsa ƙafa a asibiti ya ishe su. Wanda tasa ta ƙi tsayawa kuwa sai tiyata, irin wadda ake yi a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ɗinki bai cika riƙe wannan jijiya ba, shi ya sa likita ke yanko wata a jikin mai ciwon ya dasa.

To, nan ne nake so ki kasa kunne. Akwai ta ƙasan ƙoƙon gwiwa, wadda ake cirowa da ɗan guntun ƙashi. Tana da ƙarfi, tana kamawa da wuri, sai dai takan bar ciwo a gaban gwiwa in an durƙusa. Ki duba sau nawa muke kai gwiwa ƙasa a yini: sujada, gaida surukai, hura wuta. Akwai ta bayan cinya, wadda ba ta cika hana durƙuso ba, amma lanƙwasa ƙafa kan ɗan yi rauni. Akwai kuma ta saman ƙoƙon gwiwa. A Amurka har ta mamaci suna dasawa, sai dai ga matasa ta fi saurin sake tsinkewa.

Saboda haka mai ciwo ya buɗe baki, ya faɗa wa likita aikin da yake yi da gwiwarsa, kada kunya ta hana. Kuma a yi lissafin lokaci. Yaro ba zai koma ƙwallo ba sai bayan kamar wata 9. Manomin Matazu da aka yi wa aiki dab da saukar damina kuwa, a tanadi wanda zai riƙe masa fartanya a wannan shekarar.