Guzurin Mai Niyyar Ziyartar Ƙasar Japan

Tsakanin Jega da Aliero da Maiyama da wuya a sami wanda bai san kayan Japan ba. Motar Toyota da ke kai mutane kasuwa, da babur ɗin Honda, da injin ban ruwa na fadama, duk sunayen kamfanonin can ne a jikinsu. Ƙasar kuwa yanzu ta zama matattarar baƙi, gama a shekarar 2024 kaɗai mutum fiye da miliyan 36 suka ziyarce ta. A cikin malaman makaranta da ma'aikatanmu ma akwai waɗanda kwas ko taro ko neman ilmi zai kai su. Saboda haka muka ga ya kamata mu tattara wa masu karatu abin da zai fisshe su, tun ba su ɗaura kaya ba.

Farkon abu dai biza. Ofishin jakadancin Japan da ke Abuja ne ke bayar da ita, kuma bizar ziyara ba ta wuce kwana 90, ba ta kuma halatta wa mutum ya kama aikin kuɗi. A nan sai mu ja kunne ƙwarai. A watan Agusta na 2025, lokacin taron Japan da ƙasashen Afirka a birnin Yokohama, hukumar JICA ta haɗa wani gari mai suna Kisarazu zumunci da Nijeriya. Nan da nan labari ya bazu wai an buɗe wa 'yan Nijeriya biza ta musamman su je su zauna. Gwamnatin Japan ta ƙaryata, kāna a watan Satumba aka soke shirin ɗungum. To, duk wanda ya zo maka yau da zancen bizar Kisarazu yana neman kuɗi, ka san aljihunka yake hari. Wanda kuma ya shiga da bizar ziyara ya maƙale bayan kwanakinsa sun cika, kamu ne da kora, sa'an nan a hana shi komowa shekara biyar.

Babu jirgin da ke tashi daga Nijeriya ya dire Japan kai tsaye. Sai an sauya a Adis Ababa ko Doha ko Santambul, tafiyar kuma takan ci yini da kwana. Agogonsu yana gaban namu da awa takwas, watau sa'ad da ake kiran azahar a Jega su can dare ya yi. Kwana biyun farko barci zai riƙa ɗaukar baƙo da rana tsaka, kada ya ɗauka ciwo ne.

Abin da ya fi jefa mutanenmu cikin wahala a filin jirgi shi ne guzuri. Bahaushe in zai yi doguwar tafiya, uwargida takan ƙulla masa kilishi da dambun nama, don ba a san abin da za a tarar ba. Wannan ƙullin a bar shi gida. Dokar Japan ta hana shiga da nama, ɗanye ne ko busasshe, sai da takardar shaidar gwamnati, kuma tun 1 ga Yulin 2020 hukuncin ya kai tarar yen miliyan uku ko ɗaurin shekara uku. Suna da karnuka masu sunsuna kaya a inda ake ɗaukar akwatuna, ba a yi musu wayo. Ɗanyen kayan lambu ma haka, komai kyan albasar Aliero ba a kai ta tsaraba can. Magani kuwa, wanda likita ya rubuta a tafi da shi cikin kwalinsa tare da takardar likitan. In ya wuce na wata ɗaya sai an nemi izni tun daga gida. Ƙulle-ƙullen garin magani marar suna babu abin da zai jawo sai tambayoyi.

To, in an bar kilishi, me za a ci? Shinkafa ce abincinsu, da kifi da kayan lambu, don haka mutumin Kabi ba zai yi baƙunta da yawa ba. Amma fa naman alade ya shiga girkinsu ƙwarai, har inda ido ba ya ganinsa. Taliyar nan tasu da ake kira ramen, sau da yawa da ƙashin alade ake dafa romonta, ko da an ɗora mata kaza a sama. Suna kuma zuba wata giyar shinkafa mai zaƙi, mirin, a cikin miya kamar yadda muke sa daddawa. A manyan birane akwai gidajen abinci masu shaidar halal, da na Indiyawa da Turkawa. A ƙananan garuruwa dabara ita ce ka sa wani ya rubuta maka da Japananci a 'yar takarda cewa ba ka cin alade, ba ka shan giya, ka riƙa nunawa. Turanci ba ya kai mutum nesa a can kamar yadda ake zato.

Ga wani abin dariya da ya kamata a riƙe. Kalmar buta a bakinsu alade take nufi. Malamin da ya tashi alwala ya ce a ba shi buta, Allah kaɗai ya san abin da za a fahimta. Abin farin ciki ma ba a cika bukatarta ba, gama yawancin makewayinsu na zamani suna da maɓallin da ke fesa ruwan tsarki.

Alƙibla ita ma ta juya. Mu nan mun saba gabas ita ce alƙibla, har kalmomin biyu suka zama ɗaya a bakinmu. Japan tana gabas da Makka nesa, saboda haka mai salla a Tokiyo yamma zai fuskanta, ya ɗan karkata arewa. Akwai ɗakunan salla a filayen jirgin Narita da Haneda da Kansai. Babban masallacin Tokiyo yana kusa da tashar Yoyogi-Uehara. An fara buɗe shi a 1938, aka sāke gina shi irin ginin Turkawa a shekarar 2000. Na birnin Kobe ya girme shi, tun 1935 yake tsaye, bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu da girgizar ƙasar 1995 duk ba su kā da shi ba. Wanda ya sami hali ya je ya gan shi.

Game da ladabi, akwai inda muka yi kama da su har abin ya ba da mamaki. Ba a shiga gida da takalmi, da waɗansu gidajen abinci da wuraren ibadarsu. Suna rusunawa wajen gaisuwa, suna girmama tsoho, suna miƙa abu da hannu biyu. Yaron da aka yi wa tarbiyya a zaure ba sai an koya masa waɗannan ba. Sai dai a tafi da safa mai kyau, don kullum a waje take.

Inda muka rabu shi ne murya da lokaci. A cikin jirgin ƙasa ba a amsa waya, ba a hira da ƙarfi. Taragu cike da mutane, amma tsit kamar ana jiran liman. Jirgin da aka ce zai tashi tara da minti uku, a tara da minti uku zai tashi. Jirginsu mai gudu, Shinkansen, wanda aka buɗe a 1964, yana cinye kilomita 515 na tsakanin Tokiyo da Osaka cikin kamar awa biyu da rabi. In an gayyace ka taro, isa kafin lokaci da minti biyar shi ne daidai. A ganinmu wannan hali ko shi kaɗai aka kwaso aka kawo ofisoshinmu, kuɗin jirgi bai faɗi banza ba.

Ciniki kuwa, gwanintar kasuwar Jega ba ta da amfani a kantunansu. Abin da aka rubuta shi ne kuɗin kaya, babu tayi, babu albarka, babu gyara. Tukuici ma ba a bayarwa. In ka bar canji a tebur ma'aikaci yakan biyo ka da shi. A riƙe 'yan takardun yen a aljihu domin ƙananan kantuna, a kuma sayi katin Suica ko Pasmo na shiga jirgi da bas. Kwandon shara yana da wuyar gani a titi, kowa da ledarsa yake komawa masauki. Motoci ta hagu suke bi, kamar yadda muke yi kafin 1972, sai a dubi dama tukuna kafin a ƙetare.

Wanda tafiyarsa ta faɗo tsakanin Disamba da Fabrairu ya nemi rigar sanyi ta gaske, hunturunmu wasa ne a kan nasu. Girgizar ƙasa kuma takan zo ba sallama. In ta zo a shiga ƙarƙashin tebur, kada a ruga waje. Doka ta wajabta wa baƙo ya riƙe fasfo a jikinsa ko ina ya nufa, ɗan sanda yana da ikon tambaya. In ka ɓata hanya ko ka yar da jaka, nemi ƙaramin ofishin 'yan sanda da suke kira koban, akwai shi kusa da yawancin manyan tashoshi. Ka fara da sumimasen, watau gafara dai, ka nuna katin masaukinka. Lambar 'yan sanda 110 ce, ta motar asibiti da 'yan kwana-kwana 119.