Bayan Sayen Kyamara: Wane Kaya Ya Kamata Mai Hoto a Maiduguri Ya Fara Ƙarawa?

Kyamarar dijital takan zo daga kanti da batir ɗaya da caja da ɗan ƙaramin madubin gaba, wanda masu sana'a ke kira lens. Waɗannan, idan aka haɗa da katin ajiya, sun isa a fara ɗaukar hoto, amma ba sa kai mutum ƙarshen aikin yini guda. Sauran kayan sai mai kyamara ya saya da kansa, kuma da yake daga waje ake shigo da su, farashinsu na tashi tare da dala. Shi ya sa tsarin sayen yake da muhimmanci. Ƙa'idar da ta fi amfani ita ce mai hoto ya duba abin da ya sa ya rasa hoto a aikinsa na baya, ya sayi maganin wannan matsalar. A Maiduguri, yanayin garin ya riga ya jera matsalolin: wuta, ƙura, zafi, sannan haske.

Batir na biyu shi ne kan gaba. A watan Janairun 2021 aka lalata turakun layin lantarkin da ya taso daga Damaturu, Maiduguri ta shafe watanni masu yawa cikin duhu. An buɗe tashar iskar gas mai megawat 50 a watan Maris na 2023, amma har yanzu mai sana'a ba ya dogara da cewa zai tarar da wuta a lokacin da yake bukatar caji. Manyan kyamarori masu madubi a ciki kan ɗauki hotuna ɗari takwas zuwa sama da dubu a caji ɗaya, sababbin marasa madubi kuwa galibi tsakanin ɗari uku ne da ɗari bakwai, bidiyo kuma ya fi cin batir nesa ba kusa ba. Kowane kamfani da irin nasa batirin: LP-E6 na Canon ba ya shiga gurbin EN-EL15 na Nikon, don haka a tafi kanti da lambar a rubuce. Caja mai karɓar wuta ta USB tana da daraja a nan, domin tana aiki da fawa-banki ko da ƙaramin sola.

Sai katin ajiya. Kyamara mai megafiksel 24 tana fitar da ɗanyen hoto nau'in RAW mai nauyin megabait 25 zuwa 30, wato katin gigabait 64 zai ɗauki kimanin hotuna dubu biyu. Bayan girma akwai sauri: alamar V30 ko U3 a jikin kati na nufin yana iya rubuta aƙalla megabait 30 a daƙiƙa ba tare da tsayawa ba, abin da bidiyo mai inganci ke bukata. Kati biyu matsakaita sun fi babba guda ɗaya, saboda idan ɗaya ya lalace ba duk aikin ne ya tafi ba. Jabun katuna sun yi yawa a kasuwa. Irinsu kan nuna girman da ba su da shi, sai hotuna su ɓace bayan an cika wani ɓangare. Hanyar ganewa ita ce a cika sabon kati da fayiloli a kwamfuta, a sake buɗe su duka kafin a kai shi wurin biki.

Mataki na uku kariya ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, ɗaya daga cikin manyan maɓuɓɓugan ƙura a duniya, Borno kuma tana kan hanyarta. Ƙurar tana da laushi ƙwarai, tana shiga kyamara duk lokacin da aka cire lens, ta zauna a kan sensa, wato ɓangaren da ke kama hoto a cikin kyamara, ta fito a hoto a matsayin baƙaƙen ɗigo, musamman a sararin sama. Ana iya gwadawa ta hanyar ɗaukar farin bango da ƙofar lens a tsuke a f/16. Kayan maganinta ba su da tsada: jaka mai zif da soso a ciki, robar hura iska, ƙyalle mai laushi na goge gilashi, da farin gilashin kariya da ake ɗaurawa a bakin lens. Goge lens da gefen riga na karce shi, domin ƙurar tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyi masu kaifi. Jakar tana kuma tare rana. Yawancin kamfanoni sun ƙayyade cewa kyamarorinsu su yi aiki tsakanin digiri 0 da 40, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin Maiduguri yakan wuce 40. Kyamarar da aka bari a rufaffiyar mota a irin wannan lokaci batirinta na iya lalacewa.

Idan an gama da waɗannan ne ake maganar kyan hoto, kuma a nan irin aikin mutum ne ke yanke hukunci. Mai ɗaukar bukukuwa ya fi fama da ƙarancin haske. Wushe-wushe, wanda ke cikin manyan shagulgulan auren Kanuri, da dare ake yin sa, sau da yawa a tsakar gida. Lens ɗin da ke zuwa da kyamara, mai milimita 18 zuwa 55, ƙofarsa na tsukewa zuwa f/5.6 idan aka jawo hoto kusa. Lens mai milimita 50 da ke buɗewa zuwa f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan, yana kuma dusashe bayan mutum ya fito da fuska da ado da zanen lalle. Yana cikin mafi araha a yawancin kamfanoni. Bayansa sai fitilar filasha ta ɗorawa, wadda kanta ke juyawa. A cikin ɗaki ana harba haskenta ga silin ya dawo a tausashe. A tsakar gida kuwa, inda babu rufi, sai an haɗa ta da farar lema ko mayafin tausasa haske. Da rana tsaka matsalar takan juye: haske ya yi yawa, inuwa ta cika ƙarƙashin ido da hula. Faifan mayar da haske mai naɗewa yana gyara wannan ba tare da batir ba.

Mai son ɗaukar hawan sallah a ƙofar fadar Shehun Borno bukatarsa daban ce. Ba a kusantar dawaki masu sukuwa, don haka lens mai dogon zango, kamar milimita 70 zuwa 300, shi ne nasa, tare da saurin ɗauka na 1/1000 na daƙiƙa don tsayar da motsi. Mai yawo cikin unguwanni yana ɗaukar rayuwar yau da kullum, irin aikin da Fati Abubakar ta yi suna da shi a jerin hotunanta na Bits of Borno, ƙaramin lens mara nauyi da ba ya tsorata mutane ya fi masa amfani. Mai bidiyo kuwa ya sa makirufo da sandar girke kyamara mai ƙafa uku a gaba, domin mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma ba ya jure murya mara fita ko hoto mai rawa.

Akwai kaya ɗaya da ba a ɗaura shi a jikin kyamara, amma yana cikin jerin: ma'ajiyar waje ta kwamfuta. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a watan Satumban 2024 ta mamaye unguwanni da dama na Maiduguri, ta lalata kayan gidaje da shaguna. Hoton da ke wuri ɗaya tak yana iya salwanta a dare ɗaya. Kwafi biyu, ɗaya a shago ɗaya a wani gida ko a intanet, su ne mafi ƙarancin abin da ya kamata mai riƙe da hotunan auren jama'a ya tanada.

Wajen biya, a gwada kaya a jikin kyamarar kafin a ba da kuɗi. Lens na hannu ana haska shi da tocila a duba karce da ƙura a ciki, a murɗa zobensa a ji ko yana cijewa. Batir da kati kuwa sababbi ake saye, domin ba a gane gajiyarsu da ido.