Neman Hanyar Keke a Tsaunukan Atlas na Maroko

Wanda ya tsaya a birnin Marakesh lokacin hunturu, ya dubi kudu, zai hangi jerin tsaunuka da dusar ƙanƙara ta lulluɓe kawunansu. Waɗannan su ne Atlas, kuma a cikinsu Tubkal yake, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Afirka ta Arewa, mita 4,167. Masu keken hawan dutse, wanda ake kira VTT da Faransanci, suna zuwa can daga ƙasashe da dama. A 2020 ma aka fara gasar Atlas Mountain Race, wadda tsawonta ya wuce kilomita 1,000. Ɗalibanmu da ke karatu a Maroko da masu kai ziyara, duk wanda ke sha'awar gwadawa zai fara cin karo da tambaya guda: ina hanyar take?

Mafi yawan hanyoyin Atlas ba don keke aka yi su ba. Turbobi ne da mutanen ƙauye da alfadaransu suka taka tun kaka da kakanni, daga gida zuwa gona, daga kwari zuwa kasuwa. Ba kasafai ake samun allo ko alama a kansu ba. Saboda haka mai neman hanya yana bukatar abu uku: taswira, wayar salula da mutanen wurin.

Taswira

Wadda ta fi amfani ita ce mai ma'aunin 1:50,000, wato kowace santimita 2 a takarda tana daidai da kilomita 1 a ƙasa. A kanta sunan tsaunin yana rubuce da haruffan Faransanci, Toubkal. Abin lura na farko shi ne layukan da ke nuna tsawo: inda suka matsu da juna gangara ce mai tsanani, inda suka buɗa ƙasa ta kwanta. A dutse, yawan hawa ake fara lissafawa kafin nisa, domin kilomita 10 masu hawan mita 800 suna iya cinye rabin yini.

Sunayen wurare kuma da harshen Berber suke, kuma sanin kalmomi huɗu yana buɗe taswirar. Tizi ita ce mashiga tsakanin tsaunuka biyu, asif kogi ne, adrar tsauni, azib kuwa mazaunin makiyaya ne na lokacin zafi. Wanda ya ga tizi biyu a hanyarsa ya san hawa biyu ke jiransa.

Waya

Manhajoji irin su Komoot, Wikiloc da Trailforks suna ɗauke da hanyoyin da wasu suka bi suka ajiye. Wajibi ne a sauke taswirar cikin waya tun daga gari, domin layi yakan ɗauke a cikin kwaruruka. A kuma duba shekarar da aka ajiye hanyar. Ranar 8 ga Satumba 2023 girgizar ƙasa mai ƙarfin 6.8 ta afka wa yankin Al Haouz, ta hallaka mutane kusan 3,000, ta rusa ƙauyuka, ta zubo duwatsu a kan turbobi. Hanyar da wani ya bi lafiya a 2019 tana iya ƙarewa yau a bakin rami, alhali layin da ke cikin wayar bai canza ba.

Mutanen wurin

Hausawa suka ce matambayi ba ya ɓata. Ƙauyen Imlil, kimanin kilomita 65 kudu da Marakesh, yana da ofishin ƴan jagora masu takardar izini. Tun ƙarshen 2018, bayan kisan wasu mata biyu ƴan yawon buɗe ido kusa da wurin, hukuma ta wajabta ɗaukar ɗan jagora ga mai hawa Tubkal. Ko a hanyoyin da dokar ba ta shafa ba, baƙo ya fi samun natsuwa da jagora a tafiyarsa ta farko. Masu alfadarai ma sun san inda ruwa ya cinye turba a makon jiya, haka masu ƙananan masaukan ƙauye. A tambaye su sa'o'i nawa alfadari yake yi zuwa wuri kaza, domin da sa'a suke auna tafiya.

Daga ina za a fara?

Sabon shiga ya fara da tudun Kik, tsakanin Moulay Brahim da tafkin Lalla Takerkoust, inda hanyoyin ƙasa suke da faɗi, hawan kuma da sauƙi. Wanda ƙafarsa ta yi ƙwari sai ya tashi daga Imlil, a tsawon mita 1,740, ya haura zuwa Tizi n'Tamatert, mita 2,279, sannan ya gangara kwarin Imenane har Asni, garin da kasuwarsa ke ci ranar Asabar. Hawan ya ɗara mita 500 kaɗan, amma iskar sama ba ta ƙosar da huhu kamar ta gida, don haka kwana ɗaya na hutawa a Imlil kafin tashi ba asara ba ne.

Watannin Afrilu da Mayu, sai Satumba da Oktoba, su ne suka fi dacewa. A hunturu ƙanƙara takan toshe mashigai. A watannin zafi kuwa hadari yakan taso da rana tsaka, ruwa ya gangaro kwari ba zato. Ambaliyar Agusta 1995 a kwarin Ourika ta ci rayuka fiye da 150. Idan gajimare ya haɗu a sama, a bar cikin kwari ko da ɗigo ɗaya bai sauka ba.

Kada a tashi ba hular kwano, famfo, kayan faci, ruwa isasshe da rigar sanyi, domin kowane hawan mita 1,000 yana rage zafi da kimanin digiri 6. A duba birki da kyau kafin kowace gangara. A bar wa mai masauki sunan hanyar da lokacin dawowa. Lambar jandarma a Maroko ita ce 177.

Haƙƙin masu hanya

Mai keke ya zo shaƙatawa, amma matar da ke ɗauke da ciyawa da yaron da ke kora awaki suna bakin aiki ne. Idan aka haɗu da alfadari a turba mai ƙunci, a sauka daga keke, a raɓe ta ɓangaren dutse har ya wuce, gudun kada kayansa su ture mutum cikin kwari. A shiga ƙauye a hankali, da sallama. Kada taya ta taka magudanar ban-ruwa ko gefen gona, domin hannu ne ya gina su dutse bayan dutse, kuma da yawa sai bayan girgizar ƙasa aka sake tayar da su. Baƙon da ya kiyaye waɗannan, shi ake nuna wa hanyoyin da babu su a kowace taswira.